Yadda Ake Sauya Fikof a Jitar Lantarki

Duk wanda ya daɗe yana kaɗa jitar lantarki, akwai ranar da kunnensa zai fara ƙorafi. Ko sautin ya yi dishi-dishi kamar an toshe bakin sifika da tsumma, ko ya yi tsini har yana sukar kunne, ko kuma da an ɗan ƙara murya sai gurnani ya cika ɗaki. A nan ne hankali yake komawa kan fikof, wato abubuwan nan da suke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyi suna ɗaukar motsinsu. Su ne kunnen jita. Sauya su aiki ne da mutum zai iya yi da hannunsa a kan tebur cikin awa biyu ko uku, kuma ina son mutane su daina jin tsoronsa. Liƙa wayoyin, wanda shi ne yake razana mutane, shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Inda aka fi yin asara shi ne wajen zaɓe, da kuma wajen daidaita tsayi bayan an ɗaura.

Fikof ba wani abu ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda kaurinta bai wuce na gashin kai ba. A fikof ɗin jitar Stratocaster ta kamfanin Fender naɗin yakan kai zagaye 8,000. Tsirkiyar ƙarfe idan ta girgiza a saman maganaɗisun sai ta haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki a cikin naɗin, wannan wutar ce amfilifaya take ƙarfafawa ta zama sauti. Tun farkon shekarun 1930 da George Beauchamp ya ƙera irinsa a Amurka, tushen abin bai canja ba. Yawan naɗi, irin maganaɗisu da siffar fikof ɗin su ne suke bambanta murya da murya.

Kafin ka sayi komai

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Sa sababbin tsirkiyoyi, domin tsofaffi suna kashe haske fiye da yadda ake zato. Gwada wata igiyar haɗi. Gwada jitar a wata amfilifaya. Sannan ka kaɗa ta ba tare da ka jona ta da komai ba: idan sautin yana mutuwa da wuri, ko tsirkiya tana gogar ƙarafan wuya, to matsalar a jikin jitar take, kuma fikof mafi tsada a duniya ba zai gyara wannan ba, sai dai ya ƙara bayyana shi. Na ga waɗanda suka sauya fikof har sau biyu, alhali abin da yake damunsu shi ne na farkon ya nutse ƙasa da yawa, juyin sukuru uku kawai yake nema.

Idan duk ka yi wannan kuma har yanzu ba ka gamsu ba, zauna ka faɗa wa kanka abin da ka rasa cikin jimla ɗaya. “Na wajen wuya yana yin laka idan na kaɗa tsirkiyoyi masu kauri.” “Na wajen jaki ya yi siriri.” (Jaki shi ne ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa a ƙarshen jikin jita.) Wanda ya iya faɗar wannan jimla ya san abin da zai nema. Sau da yawa ma za ka tarar fikof ɗaya ne kawai yake bukatar sauyi, ba duka ba.

Zaɓe

Manyan iri biyu ne. Mai naɗi ɗaya, irin na jitocin Stratocaster da Telecaster, yana da haske da kaifi, amma yana jawo gurnanin wutar gida, wadda take bugawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon ƙasar da mutum yake. Mai naɗi biyu, wanda ake kira hambaka, Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson shi, jitarsu Les Paul kuma ta fara zuwa da shi a 1957. Naɗi biyu ne da aka juya wa juna baya, har da fuskar maganaɗisunsu, ta yadda gurnanin da ɗaya ya ɗauko ɗayan zai kashe shi, sautin tsirkiya kuwa ya ƙaru. Muryarsa ta fi kauri da cika. A tsakaninsu akwai P-90 na Gibson, wanda ya fito a 1946: naɗi ɗaya ne amma mai faɗi, da murya mai ɗan kaushi.

Masu sayarwa sukan rubuta wani adadi na om, wato ma'aunin yadda wayar take tare wuta. Mai naɗi ɗaya na Stratocaster yakan kasance kusan om 6,000, tsohon salon hambaka tsakanin 7,000 da 9,000, masu zafi kuma, wato masu ƙarfin sauti, irin Super Distortion na kamfanin DiMarzio, wanda ya fito a farkon shekarun 1970, ko JB na kamfanin Seymour Duncan, daga 13,000 zuwa sama da 16,000. Kada ka ɗauki wannan adadi a matsayin ma'aunin kyau, kai ko ma'aunin ƙarfi ma bai cika ba, domin siririyar waya tana ba da adadi babba ko da naɗin bai fi yawa ba. Abin da yake tabbatacce shi ne, idan naɗi ya yawaita, tsakiyar sauti takan cika, haske kuma ya ragu. A ganina masu fara wannan harka sun cika gudu zuwa ga masu zafi, daga baya su dawo suna neman hasken da suka zubar. Amfilifaya da fedal, wato ɗan akwatin sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, za su iya ƙara maka zafi a kowane lokaci, amma hasken da fikof bai ɗauko ba, ba mai dawo da shi.

Maganaɗisu kuma yawanci alniko ne, gaurayen alminiyam da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, ko kuma na siramik. Alniko 2 ya fi laushi, alniko 5 ya fi ƙarfi da tsauri, siramik ya fi su cizo. Wannan a dunƙule ke nan, kunnenka ne zai yanke hukunci.

Yanzu awo, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, domin kuskuren nan shi ne yake sa a mayar da kaya. Da farko ramin da aka sassaƙa a katakon jitar: hambaka ba ya shiga ramin mai naɗi ɗaya. Wasu jitoci masu siffar Stratocaster suna da babban rami a ƙarƙashin farantin roba, to a nan sabon faranti kawai za ka saya. Ɗaga farantin ka leƙa kafin ka yi oda. Idan ramin ƙarami ne, kada ka yi saurin sassaƙa katako, akwai hambaka da aka ƙera daidai girman mai naɗi ɗaya, akwai kuma P-90 mai girman hambaka. Na biyu tazarar tsirkiyoyi: auna daga ta farko zuwa ta shida a daidai saman fikof ɗin jaki. Idan ka samu kusan milimita 49 ko 50, salon Gibson ne. Idan 52 ko 53 ne, kamar yadda yake a jitocin Fender da masu jaki irin Floyd Rose, nemi hambaka mai faɗin tazara. DiMarzio suna kiransa F-spaced, Seymour Duncan kuma Trembucker. Na uku tsawon ƙafafun hambaka, domin masu dogayen ƙafafu ba sa zama a jita mai siririn jiki. Sannan ka tabbatar ka sayi na wuya don wuya, na jaki don jaki. Tsirkiya ba ta lilo sosai a kusa da jaki, shi ya sa ake ƙara wa na wajen naɗi don ya kamo ɗan'uwansa a ƙarfi.

Leƙa kuma bayan mamurɗan murya, wato gwangwanayen nan da suke ƙarƙashin abin da kake murɗawa. Akwai lamba a jikinsu. An saba haɗa 250k (k na nufin om dubu) da masu naɗi ɗaya, 500k da hambaka. Babban adadi yana barin haske ya wuce. Idan ka sa hambaka a kan 250k zai iya yin duhu, mai naɗi ɗaya a kan 500k kuma zai iya yin tsini. Ba doka ba ce, amma idan sabon fikof bai yi abin da ka zata ba, nan za ka fara dubawa.

Kayan aiki

Ƙarfen liƙi mai wat 40 ko wanda ake saita zafinsa zuwa kusan digiri 350 zuwa 370 a ma'aunin Salsiyos. Dalma siririya mai man liƙi a cikinta, irin ta gyaran rediyo, 60/40 ko 63/37. Kada ka kusanci mai asid irin na masu haɗa bututu, yana cin wayoyi. Guji babbar bindigar liƙi mai taransifoma, domin maganaɗisun da take fitarwa yana iya raunana na fikof. Sai mita mai auna om, sukudireba babba da ƙarama, abin feɗe waya, ƙaramar filaya, tef ɗin lantarki ko robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, rula mai milimita, tsohon tawul, da ɗan kwano na zuba sukurori. Buɗe taga, hayaƙin liƙi ba abin shaƙa ba ne, kuma ka wanke hannu bayan ka taɓa dalma.

Idan ba ka taɓa liƙi ba, ɗauki guntayen waya ka gwada sau goma tukuna. Ƙa'idar ita ce ƙarfen ya ɗumama wurin, wurin kuma ya narkar da dalmar. Ba a narkar da ita a bakin ƙarfe a ɗiga ta. Kyakkyawan liƙi yana da santsi ya kwanta luf. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo bai kama ba.

Cire tsohon

Kafin ka taɓa jitar, auna sabon fikof da mita. Idan adadin ya yi kusa da wanda aka rubuta a kwali, lafiya. Idan mitar ba ta nuna komai ba, naɗin ya tsinke, ka mayar da shi tun ba ka yanke masa waya ba.

Zare igiyar amfilifaya. Auna tsayin tsofaffin fikof ka rubuta. Cire tsirkiyoyi, shimfiɗa tawul, ka rufe fentin jitar ko'ina sai wurin da kake aiki, domin ɗigon dalma guda yana barin tabon da ba ya gogewa. A jita irin Stratocaster komai yana manne da farantin gaba: kwance sukurorinsa, ɗaga shi a hankali, za ka ga wayoyi suna riƙe da shi, biyu zuwa soket, wato ramin da ake soka igiya, ɗaya zuwa ƙarfen da sifirin suke maƙale a baya. Kifa shi a kan tawul ba tare da ka ja su ba. A irin Les Paul kuwa marufin baya za ka buɗe, fikof ɗin kuma suna fita ta gaba tare da zobensu na roba.

Ɗauki hoto da wayar salularka, daga kusurwa uku ko huɗu, da haske sosai. Sannan ka zana a takarda inda kowace waya ta fito da inda ta je. Hoton yakan ɓoye waya a bayan wata, zanen ne yake tilasta maka ka gane abin da kake gani.

Kowane fikof yana da hanya biyu: wayar sigina, da wayar ƙasa wadda take kwashe hayaniya. A Stratocaster ta sigina tana zuwa makunnin zaɓen fikof, a Les Paul tana zuwa ƙafar mamurɗin muryar wannan fikof ɗin. Ta ƙasa kusan kullum a bayan gwangwanin mamurɗi ake liƙa ta. Ɗora bakin ƙarfe, jira dalma ta narke, zare wayar da filaya. Bayan gwangwani yana shan zafi, don haka ɗan ƙara sabuwar dalma a bakin ƙarfen ya taimaka, amma kada ka wuce 'yan daƙiƙu, zafi mai yawa yana lalata cikin mamurɗin. Idan bai narke ba, ɗaga, bari ya huce, ka sake. Kada ka datse wayar tsohon fikof gajere. Ka ajiye shi a kwalin sabon da rubutun inda ya fito, wata rana za ka so mayar da shi ko sayar da jitar yadda ta zo.

Idan jitarka mai rami ce a ciki irin ES-335, wadda ba ta da marufin baya sai dai a jawo kayan ta tsagar gaba, shawarata ka kai wa mai gyara. Ba aikin farko ba ne.

Ɗaura sabon

Yi amfani da sukurori da sifirin da suka zo da sabon fikof, domin zaren sukurun Amurka da na milimita ba ɗaya ba ne, kuma tilastawa tana cinye zaren ƙafar. A hambaka, layin sukurorin da suke samansa yana fuskantar waje: na wuya yana kallon wuya, na jaki yana kallon jaki. Zobe mai tsawo na jaki ne, gajere na wuya. Zura wayar ta ramin da tsohuwar ta bi, ka bar mata rara, kada ka yanke ta cif.

Launin wayoyi shi ne tarkon da ya fi kama mutane, domin kowane kamfani da nasa. A masu naɗi ɗaya na Fender, fara ce sigina, baƙa ƙasa. Tsohon salon hambaka yana da waya ɗaya a cikin saƙar ƙarfe: ta cikin ita ce sigina, saƙar ita ce ƙasa. Masu waya huɗu kuwa, a Seymour Duncan baƙa ce sigina, koriya da tsirarar waya su tafi ƙasa, ja da fara a haɗe su da juna. A DiMarzio ja ce sigina, koriya da tsirara ƙasa, baƙa da fara a haɗe. A Gibson ja ce sigina, baƙa da tsirara ƙasa, koriya da fara a haɗe. Ka ga baƙar waya ɗaya tana da aiki uku a kamfani uku. Saboda haka bi takardar da ta zo cikin kwalin, kada ka bi launin tsohon da ka cire.

Feɗe kusan milimita 4 ko 5 na bakin kowace waya, murɗa zarurrukan, shafa musu dalma tukuna, haka ma ƙafar da za ka liƙa a kai. Daga nan haɗa su ka taɓa da ƙarfe daƙiƙa biyu ko uku, ka riƙe ba motsi har ta daskare. Kada ka hura mata iska. Biyun nan da aka haɗe da juna ka liƙe su, ka rufe da roba ko tef sosai, domin idan suka taɓa wani ƙarfe naɗi ɗaya zai mutu, ka rasa dalilin da sabon hambakarka ya yi rauni yana gurnani. Wannan mutuwar ma ita ce ake yi da gangan idan ana son hambaka ya yi muryar mai naɗi ɗaya: a sa mamurɗi mai makunni wanda idan an ja shi sama zai kai wannan mahaɗa ƙasa. Tunda ka riga ka buɗe jitar, wannan ne lokacin ƙara shi, haka ma shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramin don rage hayaniya, muddin ka haɗa shi da layin ƙasa.

Masu batir, irin na kamfanin EMG, tsarinsu daban ne. Suna tafiya da batir mai bolt 9, mamurɗai 25k, da soket mai ƙafa uku wanda yake kunna batir idan an soka igiya. Duk kayan cikin ake sauyawa, sai ka nemo wa batir wurin zama, ka kuma saba da zare igiya idan ka gama kiɗa.

Gwaji kafin a rufe

Kada ka mayar da tsirkiya ko ɗaya tukuna. Soka igiya a jitar, buɗe murya duka, ɗora mita a kan tsinin ɗaya bakin igiyar da jikinsa. Kowane matsayi na makunni mai fikof ɗaya ya kamata ya nuna adadi kaɗan ƙasa da na fikof ɗin, matsayin da biyu suke aiki tare kuma kusan rabinsa. Sifili yana nufin sigina ta taɓa ƙasa a wani wuri. Daga nan jona amfilifaya da murya ƙasa-ƙasa, ka ƙwanƙwasa kan kowane fikof a hankali da bakin sukudireba. Wanda aka zaɓa zai amsa da ƙarfi, wanda ba a zaɓa ba ya yi shiru. Murɗa kowane mamurɗi ka ji yana aiki. Sai ka rufe, kana lura kada faranti ya danne waya.

Bayan ka sa tsirkiyoyi, saurari matsayin da fikof biyu suke aiki tare. Idan sautin ya zama siriri kamar mai magana ta hanci, ƙarfinsa kuma ya faɗi, to suna jan juna baya ne, abin da yakan faru idan an gauraya kamfanoni. Maganin shi ne a musanya wayar sigina da ta ƙasa a ɗaya daga cikinsu. A mai waya huɗu abu ne mai sauƙi, amma tsirarar wayar ta zauna a ƙasa, ba a taɓa ta. Idan kuma gurnani yana nan kuma ba ya raguwa in ka dafa tsirkiyoyi, duba wayar da take zuwa jaki, wataƙila ta saki. Idan yana ƙaruwa ne in ka taɓa ƙarfen jitar, an juya wayoyin soket.

Tsayi

Mutane da yawa suna tsayawa da zarar sauti ya fito, alhali rabin muryar fikof a nan take. Danne tsirkiya ta farko da ta shida a ƙarfen ƙarshe na wuya, ka auna daga ƙasan tsirkiya zuwa kan fikof. Ga mai naɗi ɗaya fara da kusan milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri, 2 a ɓangaren sirara. Ga hambaka, kusan 1.6 a jaki, 2.4 a wuya. Waɗannan mafari ne kawai.

Saita amfilifaya a tsaftataccen sauti, ka riƙa juya sukuru rabin zagaye kana kaɗa abu guda. Matsowa kusa yana ƙara ƙarfi da cizo, nisantawa yana buɗe sauti ya bar shi ya yi numfashi. Idan mai naɗi ɗaya ya matso da yawa, musamman na wuya, maganaɗisunsa yana jan tsirkiya: za ka ji sautin yana rawa kamar murya biyu suna faɗa a saman wuya, kuma yana mutuwa da wuri. Da ka ji haka, sauke ɓangaren masu kauri. Fara daidaita na jaki har ya yi maka, sannan ka kawo na wuya ya yi daidai da shi a ƙarfi, ta yadda in ka juya makunni murya ba za ta yi tsalle ba. Sukurorin saman hambaka na daidaita tsirkiya ɗaya-ɗaya ne, ka bar su sai idan wata ta fi 'yan'uwanta ƙara.

Rubuta awon da ka tsaya a kai, ka yi kwana uku ko huɗu kana kiɗa da shi kafin ka sake taɓa sukuru, domin kunnen da ya saba da tsohon sauti yakan ƙi sabo a ranar farko. Ka kuma sake saita amfilifayarka daga tushe, tunda saitin da yake kanta na rufe aibin tsohon fikof ne. Idan bayan mako guda na wuya yana nan da duhu, sauke shi rabin milimita, ka ɗan ɗaga sukurorin samansa, ka sake saurara.